Kirsimeti a Garkida: Shinkafa a Kan Murhu, Jaka a Bayan Ƙofa

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu cewa Garkida za ni, kuma a can zan yi kwanakin Kirsimeti, sai da ta ajiye carbinta ta dube ni sama da ƙasa. Ba ta san inda garin yake ba, amma ta tabbata ta taɓa jin sunansa a rediyo, kuma ba cikin labarin alheri ba.

"Duk kwanakin shekara ba ka ga na zuwa ba sai waɗannan?"

Na ce mata bashi za ni biya. Ta san bashin. Abokin nan nawa mutumin Bura ne, mun haɗu tun wurin bautar ƙasa, aiki kuma ya sake haɗa mu a Kano. Shekara goma sha ɗaya babu Sallar da bai zo ya ci tuwonta ba. Da Malam ya rasu, kwana uku ya yi yana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida yana raba wa masu ta'aziyya ruwa, har wasu suka ɗauka ɗan gidan ne. Duk shekara sai ya ce in zo in gaida nasa iyayen, duk shekara sai in samo uzuri. Uzurin gaskiya ɗaya ne tak, tsoro, sai dai ban taɓa kiransa da sunansa ba. Hajiya ta yi shiru, can ta nisa ta ce, "To, zumunta a ƙafa take. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mini da ku lafiya." Ta ƙulla daddawa da kuka da turaren wuta ta ce in kai wa mahaifiyarsa.

Mun bar Kano da asubar Juma'a, 22 ga Disamba, 2023, muka bi ta Darazo da Dukku. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ga kuma lokacin tafiye-tafiye, don haka ba zan faɗi abin da muka biya ba, kada in tayar wa kaina da hankali. Na samu sallar Juma'a a Gombe, shi kuma ya zauna gadin kaya a tasha. A nan muka kwana, domin ya ce ba a ɗaukar hanyar Biu da yamma.

Motar da muka shiga da safiyar Asabar cike take da masu komawa gida, wasu daga Abuja, wasu daga Legas, wata mata ma tun daga Fatakwal da 'ya'yanta uku. Kaji biyu a ƙarƙashin kujerata, jarkar mai a tsakanin ƙafafuna, kujerun roba a ɗaure a sama. Hira ta kaure da Hausa da Bura da Margi, ana ta tsiya a kan wanda ya yi ƙiba a birni da wanda birni ya tsotse. Muka haye Gongola a Dadin Kowa, muka shiga jihar Borno, shingen sojoji bayan shingen sojoji, wani a ɗaga mana hannu, wani a ce kowa ya sauko. Daf da Biu hanya ta fara hawa, baƙaƙen duwatsu suka bayyana birjik a gonaki, iska ta canja. Ni da nake taƙamar na san sanyin Kano, a tashar Biu na sayi hular sanyi.

Daga Biu ne hirar ta mutu. Ba wanda ya ce a yi shiru. Direba ya rage rediyo, matar Fatakwal ta jawo autanta jikinta, kowa ya zuba wa jeji ido. Duk wanda ke cikin motar ya san cewa in ka miƙa arewa maso gabas ta cikin wannan jejin, Sambisa za ka faɗa. Wata tsohuwa a bayana ta fara addu'a a hankali, da Hausa tsantsa: ya Uba, tafiyar nan tana hannunka, ka rufe idon mugu. Ni ma ina can ina jan tawa addu'ar ta hawa abin hawa. Da ta kai ƙarshe motar duka ta ce amin, kuma na ji bakina a cikin masu cewa. Da azahar muka haye gadar kogin Hawul, muka shiga Garkida, jihar Adamawa.

Ban gama gaisuwa ba na ga an riga an yi shirin zuwana. A ɗakin da aka sauke ni akwai sabuwar buta da darduma, kuma wani yaro ya zana kibiya da gawayi a bango don in san alƙibla. Mama, gajeriyar mace mai saurin magana, ta karɓi ƙullin Hajiya ta sansana daddawar ta ce, "Wannan ta Kano ce ta gaske, ba irin wadda ake cutarmu da ita ba." Daga nan ba ta sake kirana da komai ba sai "ɗana".

Washegari da sassafe, kafin a tafi sujadar Lahadi, aka yi watanda. Gidaje goma sha biyu ne suka haɗa kuɗi tun bayan girbin gyaɗa suka sayi sa. Wanda ya yanka shi baffan abokina ne, ƙanen mahaifinsa ciki ɗaya, Musulmi, ladanin masallacin unguwarsu. A ƙasar Bura wannan ba abin a tsaya kallo ba ne, gida ɗaya sai ka samu wani yana zuwa coci wani yana zuwa masallaci, kuma kakansu ɗaya. Na tambayi baffan ko kullum shi ke yankan. Ya ce, "To in ba ni na yanka ba, da wane baki zan ci kason nawa?" Aka jera kashi-kashi a kan ganye, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan kayan ciki, aka sa ƙaramin yaro ya juya baya yana kiran sunayen gidaje don kada a ce an yi son kai.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai na gan shi tun daren farko. Da zan rufe ƙofar ɗakina sai na ji ta tokare da wani abu. Jaka ce irin gana-masgo, a zuge, an jingine ta a bayan ƙofa. Na ɗauka kayan wani baƙo ne. Da safe na yi wa Mama magana, sai ta yi dariya ta zuge ta a gabana. Bargo biyu, tocila, ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, maganin hawan jinin Baba, takardun gida da na makarantar jikoki a naɗe cikin leda, da ƙaramin Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya cire. Ta ce kowane ɗaki a gidan yana da tasa. Duk farkon Disamba takan zazzage su ta canja garin ta sa wa tocila sabon batir, kuma ranar da take wannan aikin ita ce ranar da take kai atamfar Kirsimeti wurin tela.

Tana yankan albasa ta ba ni labarin, ba ta ko ɗago kai ba. Ranar Juma'a 21 ga Fabrairu, 2020, matan Zumunta, wato ƙungiyar mata ta ikilisiya, na gundumar Garkida suna tsakiyar taronsu na shekara a majami'a, sai harbi ya tashi da yamma. Suka watse cikin ankonsu, kowace ta kama gabanta. An ƙone majami'u uku a wannan dare, da ofishin 'yan sanda, da gidaje da shaguna, da makarantar koyon aikin lafiya ta ikilisiyarsu. Cikin ikon Allah ba a rasa ko mace ɗaya daga cikin masu taron ba. Mutane suka dawo suka share toka. Wata goma bayan haka, ranar jajibirin Kirsimeti, maharan suka sake dawowa.

"Na wanke shinkafa, ɗana, na soya nama, miya tana kan wuta. Haka na bar ta. A kan dutse muka kwana, cikin wannan sanyin da ka ji jiya, ba ko zanen rufa. Wannan jikar tawa lokacin tana goye, na toshe mata baki da nonon uwarta don kada ta yi kuka. Tun daga ranar na ce ba za a sake kama ni ba bargo ba."

A wannan daren ne kuma aka shiga Pemi, kusa da Chibok, aka kashe mutane, aka ƙone majami'a, aka tafi da fastonsu, wanda sai a watan Maris na 2021 aka sako shi. Na ce mata, to Mama, me ya sa ba za ku riƙa tafiya Yola ko Jos ba in Disamba ta zo, ga 'ya'yanku a can? Ta dube ni kamar na yi saɓo. "In mun tafi wa zai yi waƙa?"

Bayan an taso daga sujada Baba ya ɗauki sandarsa ya ce in zo ya kai ni gindin tsamiya. Tsohon malamin makaranta ne, irin waɗanda in sun fara ba da tarihi sai sun kai aya. A ƙarƙashin wata tsamiya a garin nan, ranar 17 ga Maris, 1923, wasu Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko tare da 'yan mutanen da suka ɗauka aikin gini. Daga nan aka samu makaranta da asibiti da wurin jinyar kutare, aiki ya bazu zuwa Lassa, garin da zazzaɓin nan ya ci sunansa a 1969, da Marama da Chibok da sauransu. Abin da ya tsiro daga gindin tsamiyar shi ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda kowa ya fi sani da EYN. A watan Maris na shekarar da na je suka yi bikin cika shekara 100.

Ƙaddara ta sa ƙasar da wannan ikilisiya ta yi saiwa ita ce ƙasar da Boko Haram ta fi ɗaiɗaitawa: kudancin Borno da arewacin Adamawa. A ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da aka ci Mubi, an mamaye hedikwatarsu da ke Kwarhi, shugabanni suka koma Jos da zama na wani lokaci. A 2020 shugaban ikilisiyar na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya faɗa wa manema labarai cewa an kashe musu mutum fiye da 8,000, an ƙone ko an lalata majami'u 300 daga cikin 586, kuma 217 daga cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yansu ne. Baba ya haddace waɗannan alƙaluma kamar jadawalin lissafi. Da ya zo kan Rabaran Lawan Andimi, faston Michika da aka sace aka kuma kashe a Janairun 2020, sai muryarsa ta sauka. Ya ce abin da ba ya mantawa shi ne bidiyon da aka ɗauke shi a tsare, yadda ya zauna a natse yana cewa bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya samu kansa yana hannun Allah. Na ce masa na ga bidiyon a lokacin, kuma maganar ta yi mini kama da abin da Malam ɗinmu zai faɗa.

Abin da ban sani ba sai a ranar shi ne, ita wannan ikilisiya tun asalinta tana cikin masu ƙin yaƙi da ramuwa. Suna kiran kansu ikilisiyar salama, har wankin ƙafa suke yi wa juna a lokacin jibinsu, wato cin abincin tunawa da jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa. A kan wannan ne na ga gardama ta tashi a tsakar gida, tsakanin Baba da Auta, ƙanen abokina, wanda ya shiga cikin 'yan banga masu kwana a bakin gari.

Auta ya ce, "Baba, kullum a juya ɗaya kumatun. Kumatu biyu Allah Ya ba mu, duka an mara. Wanne kuma za mu juya?"

Baba bai yi fushi ba. Ya ce, "Ban hana ka gadi ba. Tsare ƙofa daban, ramuwa daban. Amma ranar da ka ɗauki wuta ka nufi gidan baffanka saboda abin da wasu suka yi daga jeji, to ranar sun gama da mu, ko ba su sake zuwa ba."

Auta ya saɓa tocilarsa ya fita yana gunaguni. Ba wanda ya ci wani. In don ta ni ne, maganar Auta ta fi saurin shiga kunne, kuma ba zan yi ƙaryar cewa da ni aka yi wa abin da aka yi musu zan iya tsayawa inda Baba ya tsaya ba. Sai dai na lura cewa da zai fita, ta gidan baffan ya biya ya ɗauki ɗansa, suka tafi gadin tare.

A majami'ar su Mama an daina sujadar dare ta jajibiri. Waƙoƙin da a da ake yi har tsakar dare, yanzu da la'asar ake yinsu, kafin magariba kowa ya shige gida. Ba a kuma yarda yaro ya fasa abin fashewar nan na wasa ba, wanda aka kama iyayensa ne za su amsa tambaya wurin dattawa. Da rana ta faɗi sai garin ya yi wani irin tsit, ba ka jin komai sai ƙarar muciya da kukan mai a kasko. Mata suna suyar cincin a tsakar gida, 'yan mata suna kitso da hasken tocila, yara suna ta gwada sababbin takalma suna cirewa. Kowa yana aikinsa, amma kunnen kowa yana waje. In babur ya wuce sai hira ta tsaya har sai ƙararsa ta ɓace.

Wajen ƙarfe tara da rabi muka ji "tau!" daga wajen titi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da na sani shi ne na tsinci kaina a bakin ƙofar baya, takalmi ɗaya a ƙafa, wayata a hannu, ba jaka ba bargo. Su kuwa mutanen gida, cikin abin da bai fi ƙiftawar ido ba, an kashe tocila, an zuba wa murhu ƙasa, kowace uwa ta saɓa ɗanta, kowace jaka ta hau kai. Ba ihu, ba kuka, har yaran. Wannan shirun na yara shi ya fi ba ni tsoro, don ya nuna an saba. Muka tsaya a duhu muna sauraro. Can wayar abokina ta yi haske, Auta ne. Tayar wata motar itace ce ta fashe a bakin gada.

Wadda ta fara dariya Mama ce, kuma ni take yi wa. "Ɗana, da takalmi ɗaya za ka hau dutsen?" Gidan duka ya ɗauka, har da ni, dariyar da ke fita tare da rawar jiki. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, to ni da ko sarar ba a yi mini a nan ba na fi kowa gudu. Aka mayar da jakunkuna bayan ƙofa, aka tone murhu aka sake hura wuta. Mama ta leƙa kasko ta ce wannan zubin ya sha mai, na yara ne, ta zuba sabo.

Na daɗe ban yi barci ba. Na tashi na yi nafila a kan dardumar da suka saya mini, ina fuskantar kibiyar gawayi. Sai Juma'ar 28 ga Nuwamba, 2014 ta dawo mini, ranar da aka kai hari babban masallacin Kano aka kashe mutum fiye da 100. Ban kasance a wurin ba, amma na tuna Juma'ar da ta biyo baya, yadda na tsaya a ƙofar gida da darduma a kafaɗa ina shawara da zuciyata, yadda aka laluba mu kafin mu shiga sahu, yadda duk wanda ya yi tari sai an waiwaya. Mun je dai. Kuma a wannan watan na Disamba da nake kwance a Garkida, ba a fi mako uku ba da bom ya faɗa kan masu Maulidi a Tudun Biri. Shekara goma sha ɗaya ina ganin tsoron su abokina wani abu ne na can nesa, nasu su kaɗai, alhali na san ɗanɗanonsa sarai.

Safiyar Litinin gari ya waye da hazo. Tun kafin ƙarfe takwas hanya ta cika da mutane, mata cikin anko, maza cikin manyan riguna da hula kamar masu zuwa Idi, yara suna tafiya a hankali don kada ƙura ta ɓata takalmi. An gindaya itace a hanyar majami'a, ba mota ba babur. Matasa suna laluba maza, 'yan mata suna duba jakunkunan mata. Ni ban shiga ba. Abin da suka yi imani da shi game da Annabi Isa, alaihissalam, ba shi ne nawa ba, kuma tsakanina da abokina ba mu taɓa ɓoye wa juna wannan ba. Ba wanda ya matsa mini. Aka ajiye mini benci a gindin darbejiya tare da masu gadi, ciki har da ɗan ladan da idonsa ya yi ja don rashin barci. Tagogi a buɗe suke, lasifika kuma tana aiki, don haka ba abin da ya wuce ni.

Duk wanda bai taɓa jin sujadar Kiristocin Arewa ba zai yi mamakin yadda kalmomin suke namu. Allah, albarka, gafara, alheri, tuba, salama, Mai Iko Dukka. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma a wuri irin wannan, inda Bura da Margi da Kilba da Higgi ke zama a benci ɗaya, Hausar ce ke haɗa su. Mawaƙa suka yi nasu, matasa suka yi nasu da jita da ganguna. Amma da aka kira Zumuntar Mata sai na ga masu gadin ma sun juya. Sun fi sittin, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. Kayan kiɗansu tulu ne na ƙasa da ake bugun bakinsa da wani faifan soso, yana fitar da wata murya mai zurfi da kake ji a ƙirjinka, sai caki da ƙaramar ganga. Wata ta ba da waƙa, sauran suka amsa, suna rangaji kafaɗa da kafaɗa. Ta taga na hango Mama a sahun gaba, bakinta a buɗe, idonta a rufe. Waɗannan su ne matan da suka watse cikin ankonsu a 2020.

Fasto ya karanta daga Luka sura 2, inda mala'ika ya bayyana ga makiyaya ya ce musu kada su ji tsoro. Ya ce a lura, da dare ne, a jeji ne, kuma gadi suke yi, kamar yaranmu jiya a bakin gada. Daga nan ya koma Matiyu sura 2, inda Yusufu ya tashi cikin dare ya ɗauki jaririn da uwarsa suka gudu Masar saboda sarki Hirudus. Ya ce, "'Yan'uwa, iyalin nan 'yan gudun hijira ne. Ba mamaki Maryamu ma tana da jakarta a bayan ƙofa." Majami'a ta ɗauki dariya, irin ta mutanen da aka taɓo musu inda ke ƙaiƙayi. Ya bari ta lafa, sannan ya ce shi ba zai ce musu babu abin tsoro ba, don ƙarya ba ta kamata a kan bagade. Abin da zai ce shi ne, tsoro baƙo ne, a ba shi tabarma a zaure, amma kada a miƙa masa makullin gida. Ni kuma a kan bencina sai Suratu Maryam ta faɗo mini, inda naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, aka kira ta aka ce kada ta yi baƙin ciki.

Ana cikin haka na ga masu gadi sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Labari ne daga Filato: an afka wa ƙauyuka a Bokkos da Barkin Ladi tun daren jiya. Wani dattijo ya shiga ya raɗa wa fasto. Aka dakatar da sanarwa, aka ce kowa ya miƙe. Addu'ar ta yi tsawo, na ji shessheƙar mata, domin da wuya ka samu gida a nan da ba shi da ɗa ko 'ya a Jos da kewayenta. Kafin dare adadin da ake faɗa ya haura 100. Na zaci daga nan za a sallami mutane. Sai na ji tulu ya sake tashi. Lokacin baiko ne, wato sadakar da ake bayarwa a majami'a, kuma a nan da rawa ake kai shi, layi-layi, wata da kuɗi, wata da kwanon gyaɗa, wani tsoho da zakara a hammata. Wasu suna rawar suna share hawaye da bakin zane. Na rasa yadda zan yi da fuskata, sai na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa.

Sauran yinin na ci ne. Kwanuka suka yi ta fita suna shigowa, shinkafa da miya zuwa gidan baffa da sauran maƙwabta Musulmi, kamar dai yadda tuwon Sallarmu ke zagaya unguwa. An ba ni tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa wadda har yau nake santinta. Yara suka yi ta shigowa ayari-ayari suna barka da Kirsimeti, canjin da na tanada ya ƙare tun kafin la'asar. Da yamma wani makaɗi ya kafa tsinza a dandali, wato kayan kiɗan Bura na itace mai ƙahonin shanu a ƙarƙashi, tsofaffi suka shiga fili suna taka rawa a hankali, ƙura tana tashi. Rana na yin ja aka naɗe komai. Auta da ɗan ladan suka saɓa tocila.

Ranar Talata da safe muka yi sallama. Baba ya riƙe hannuna ya daɗe yana sa albarka. Mama ta cika mini leda da cincin da gyaɗa ta ce na Hajiya ne, kada in taɓa a hanya. Da na koma ɗaki ɗaukar jakata na tarar da ita tana ninke bargon da ta ara mini, ta tura shi cikin gana-masgon, ta zuge, ta mayar bayan ƙofa ta gyara mata zama da ƙafa.

Ba mu kai Biu ba labari ya shigo wayoyin fasinjoji cewa a ranar Kirsimetin an kai hari wani ƙauye a ƙaramar hukumar Hong, maƙwabciyarsu, an kashe mutane. Abokina ya kira gida nan take, ya sa a lasifika. Mama ta ce sun ji, Allah Ya ji ƙansu, akwai wata 'yar Zumunta da ke da dangi a can, yanzu za su tafi gaishe ta. Sannan ta ce, "Ɗana yana kusa? Ka ce masa ya gaya wa Hajiya daddawar nan ba za ta kai Ista ba. In zai dawo baɗi ya riƙo mai yawa, ya kuma zo da takalmin da ba ya cirewa."